Tsarabar Mamaci

Ranar da Illiyasu Mahama ya dawo daga lahira ni na fara ganin sa, kuma har gobe ina jin haushin da ban yi kamar ban gan shi ba.

Ina kwance ƙarƙashin tsohuwar Fijo ɗina a tashar Sokode ina ɗaure salansa da waya, sai ga fararen takalma biyu sun tsaya daidai kaina. Na leƙo. Mutum ne tsaye cikin farar kwat mai maɓallan ƙarfe, ya ɗora wata kumburarriyar riga ruwan lemo a kai, irin wadda ake sa wa mutum don kada ya nitse a ruwa, ga usur rataye a wuya. A bayansa mai amalanke yana sauke kwali biyu.

"Huseini," ya ce, "har yanzu kana nan ƙarƙashin mota? Mu mun zaga duniya mun dawo."

Na zabura na buga goshina da ƙarfe. Kwana talatin da tara ke nan muna kiran mutumin nan marigayi.

Shekarar dogon yajin aiki ce, lokacin da aka rufe ofisoshi, waya ta mutu, fetur ya koma cikin kwalba, kowane mai shayi ya zama shugaban jam'iyya. Illiyasu baduku ne a unguwarmu ta Komah, abokina tun muna yara, kuma daga Blitta har iyakar Burkina ba a yi mai cika baki kamarsa ba. Ya ɗauki jakunkunan fata ya tafi Lome zai sayar wa Turawan da suka zo da wani jirgin ruwa na yawon shaƙatawa. A ranar aka yi harbe-harbe a gari. Bayan kwana biyu wani mai goro daga Sotouboua ya kawo hularsa, ya rantse ya ga Illiyasu ya shiga tashar jiragen ruwa da gudu bai fito ba. Aka yi sallar ga'ib, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai. Na yi kuka har sai da na ji kunya.

Daga nan surukinsa, Alhaji Salifu, sarkin fawan zangon Dapaong, ya zo ya tafi da 'yarsa Sakinatu ta yi takaba a gabansa. Alhaji bai taɓa son auren nan ba. Sau biyu yana zuwa raba shi Sakinatu na hanawa, a na ƙarshen ya rantse a gaban jama'a cewa in Illiyasu ya ƙara jawo masa abin kunya ko guda ɗaya, 'yarsa ta bar Komah ke nan. Shi kuwa Illiyasu, duk shirmensa, yana son matar nan so na gaskiya. A nan ne kaɗai ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Kafin azahar duk unguwa ta taru a ƙofar gidansu. Yayarsa Salamata ta suma sau biyu, da ta farfaɗo ta tsinka masa mari don ta tabbatar, sannan ta rungume shi. Shi kuma ya kifa turmi ya hau ya fara ba da labari. Wai kapiten ɗin jirgin ne ya hango shi daga can sama, ya ce wannan fuskar ba ta zaman bakin titi ba ce, a shigo da shi. Wai a tebur ɗaya suke cin abinci. Wai a kusa da Dakar kapiten ya tafi kama ruwa, shi ya riƙe sitiyari har ya kauce wa wani kifi mai girman masallacin Juma'a.

"To ina tsaraba?" in ji wata tsohuwa, wadda kifin bai dame ta ba.

Ya zazzage aljihunsa ya raba ƙananan sabulai da wasu huluna na leda masu roba a baki. Ya ce manyan jirgi ke sa su. Wani dattijo ya sa tasa ya tafi sallar la'asar da ita.

Kwalayen nan biyu kuwa bai bari an taɓa ba. Ya dai buɗe mana mun leƙa: gwangwanaye ne zagayayyu guda goma sha biyu, kowane da hoton jirgi da bishiyar kwakwa a murfi.

"Gato ne," ya ce, wato kek da Faransanci. "Gato na cikin bato, na jirgin ruwa. Turawa layi suke yi su saya kado, tsarabar gida. Wata tsohuwar Baturiya ashirin ta kwasa a gabana. Duk abin da na samu a jakunkuna nan na zuba shi."

"A buɗe ɗaya mu ɗanɗana mana," na ce.

"Kai Huseini, ba a yi maka tarbiyya ba? Wa ya taɓa cin tsarabar suruki kafin suruki ya sa hannu?"

A nan gaskiyarsa ce, haka muke yi. Salamata ta ce ai gobe ne Alhaji Salifu zai yi sadakar arba'in a Dapaong, ya gayyaci dukan malaman gari. Na ce to a ba direban motar yamma saƙo ya kai, Sakinatu baiwar Allah ta daina kuka tun yau. Sai na ga idon Illiyasu ya yi wani ƙyalli da na sani tun muna yara, wanda duk lokacin da na gan shi sai na kwana a wahala.

"Ba za a aika ba," ya ce. "Gobe malaman Dapaong na zaune, an kawo waina za a raba, sai in bayyana. In ce a kwashe wainar nan, mamaci ya zo da tasa sadakar. Alaji da bakinsa zai ce bai san irin surukin da Allah ya ba shi ba."

"Matarka tana kuka fa."

"Na yau ne ya rage mata. Gobe za ta yi dariyar shekara guda."

Ya kamata in ƙi. Amma ina son in ga fuskar Alhaji Salifu idan ya ga gawa ta yi sallama, wannan laifina ne kuma na amsa shi.

Muka tashi bayan asuba. Fasinja a baya, Illiyasu a gaba da kwali ɗaya a cinya ɗaya a ƙarƙashin ƙafa, kusa da shi wata mata 'yar ƙabilar Kabiye mai dafa burukutu, wadda ta riga shi kama kujerar ta ce ko shugaban ƙasa ne ba za ta tashi ba.

Da muka wuce Bafilo muka tarar da shinge. Samari ne sun tare hanya da tayoyi da kututture, kuma a shekarar nan ba ka sanin na wane ɓangare ne sai ka riga ka ba da amsar da ba ita ba. Ni na san yadda ake yi: ka sauke gilashi, ka gaishe su da ladabi, ka yi fuskar wanda bai san komai ba. Ban kai ga sauke gilashin ba Illiyasu ya hura usur.

"Kai wane ne?" babbansu ya ce. "Wane parti kake?"

"Ni na teku ne," in ji Illiyasu. "Mu a teku ba mu san wannan hayaniyar taku ba. Kapiten ɗaya, magana ɗaya."

"Ashe ɗan parti ɗaya ne! Sauko!"

Suka sauko da shi da kwalayensa. Ɗaya ya ce gurneti ne a cikin gwangwanayen, duk suka ja baya suka bar Illiyasu ya buɗe guda da kansa, yana yi yana zagin iyayensu a hankali. Babban ya matso ya sunsuna. Ya sake sunsunawa. Ya miƙa wa na kusa da shi, na kusa ya miƙa wa na gaba, sai gaba ɗayansu suka fashe da dariya. Kafin ka ce me sun cinye da hannu har da lasar murfi.

"Alaji!" babban ya ce yana dafa kafaɗarsa. "Da carbinka da komai? Ashe kai namu ne!"

Suka ƙara ɗaukar gwangwani ɗaya, suka janye kututture, suka sara masa.

"Ka gani?" Illiyasu ya ce da muka wuce. "Ko 'yan iska sun san babban mutum."

"Ga shi an ci tsarabar suruki kafin suruki."

"Ba a sa ɗan shinge a cikin mutane."

A hawan Defale fetur ɗin kwalba ya nuna halinsa. Wanda ya sayar mini ya rantse bai haɗa da kananzir ba, motar kuwa ta yi tari sau uku ta tsaya a tsakiyar tudu. Kowa ya sauko turi, har mai burukutu ta ɗaure zane ta sa kafaɗa. Illiyasu ya ce a jirgi manya ba sa turi, umarni suke bayarwa. Ya tsaya a gefe, kwali a ƙarƙashin hammata, yana hura usur yana cewa a ture da ƙarfi. Gindin kwalin ya ɓalle. Gwangwanaye shida suka kama gangara suna tsalle, mai su ya bi su da ihu, farin takalmi ya zame, shi ma ya zama na bakwai. Muka saki mota muka tsaya kallo har ya tsaya a jikin wata bishiyar kaɗanya. Ya hauro da biyar a rungume, ɗaya ya loɓa, na shidan kuwa ya tafi neman arzikinsa a cikin kwazazzabo.

"Kun ga amfanin rigar nan?" ya ce yana huci. "Ko haƙarƙari ɗaya ban karye ba."

Kafin mu kai Mango rana ta take, gwangwanin da ya loɓa ya fara numfashi. Wani ƙamshi mai kauri ya cika gaban mota. Mai burukutu ta ɗaga hanci, ta dubi kwali, ta dubi Illiyasu.

"Alaji, wannan kaya naka, shi yana da ƙarfi fa. Kwana nawa ka jiƙa shi?"

"Turaren Ingila ne, Mama. Ba irin abin da kuka sani ba ne."

"Ni na sani wannan turare. Shekara ashirin ni ina dafa ɗan'uwan shi."

"Ina kika san shi? Ke ko Lome kin taɓa zuwa? Kin taɓa ganin ruwan da ba shi da ƙetare?"

Matar ta yi dariya ta gyara zama. Ni ma na ji warin, ba zan ɓoye ba, direba ya san shi a bakin fasinja. Amma na ɗauka daga jikinta yake fitowa, Allah ya yafe mini, har na sauke gilashi ina harararta.

Muka shiga Dapaong ana idar da la'asar, da gwangwani tara. An tare layin gidan Alhaji Salifu da rumfa, tabarmi har bakin kwata, malamai a gaba, mahauta a bayansu, ga manyan kwanonin waina an jera an rufe da faifai. Illiyasu ya ce in ajiye mota bayan katangar maƙwabta. Yana son ya fara jin irin yabon da za a yi masa.

Alhaji Salifu ya miƙe. Ƙaton mutum ne, mai muryar da in ya daka wa bijimin sa tsawa sai ya durƙusa da kansa. Ya gyara murya ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Jama'a, an ce a faɗi alherin mamaci. To. Marigayi yana gaisuwa."

Aka jira saura.

"Kuma ɗinkin takalminsa ba ya saurin tsinkewa. Allah ya ji ƙansa."

Ya zauna.

"Shi ke nan?" Illiyasu ya ce a kunnena. "Shekara tara ina auren 'yarsa, gaisuwa da takalmi?"

Na kai hannu zan riƙe shi na kama iska. Ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar rumfa ya hura usur da dukan ƙarfinsa.

A shekarar nan in ka ji usur ba ka tambayar na wa ne. Mutum ɗari biyu suka tashi lokaci guda suka nufi gabas. Sai wani ya waiwaya ya gane fuskar ya kurma ihu cewa mamaci ne, waɗanda ke gudun kamu suka juyo suna gudun fatalwa, suka yi karo da na bayansu. Ladan ya shige ƙarƙashin teburin nama. Liman kaɗai bai tashi ba, don gwiwarsa ba ta da lafiya, ya rufe ido yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Illiyasu na tsakiya cikin rigarsa ruwan lemo yana cewa, "Ni ne! Ni ne!" wanda shi ne daidai abin da mutane ke gudu.

Alhaji Salifu bai motsa ba. Ya tsaya yana saurare har Illiyasu ya kai ga labarin kifi, sannan ya ɗaga murya.

"Ku dawo. Shi ne. Fatalwa ba ta da surutu haka."

Ban ji ko ɗigon murna a muryar ba.

Sai Sakinatu ta fito ƙofar gida. Zane ɗaya mara ado ne a jikinta, ta rame har na kusa kasa gane ta. Ba ta yi ihu ba. Ta dafa bango, ta sa hannu a baki, hawaye na zuba. Tausayinta ya kama ni. Da mai hankali ne, da ya ajiye komai ya je gare ta. Illiyasu ya ɗaga mata hannu kamar ɗan takara.

"Sakinatu, ina zuwa, bari in sallami manya!"

Ya hau benci. Ya ce a kwashe waina a ba yara, yau malaman Dapaong za su ci abin da sarakunan Turai ke ci. Aka buɗe gwangwanaye tara, aka ari wuƙar Alhaji aka yayyanka. Abin kuwa da kyan gani, ja-ja-ja, jiƙe sharkaf, sai ƙyalli yake yi. Aka fara miƙa wa Liman.

"Masha Allah," in ji Liman. "Yana da wani ɗumi a maƙogwaro."

Ladan ya fito daga ƙarƙashin tebur ya ci, ya nemi ƙari. Mahauta suka ci. Alhaji Salifu ya karɓa da yatsa biyu kamar an ba shi ɓera, ya tauna, ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu.

"Ba laifi," ya ce.

Wannan kalma ita ta kashe Illiyasu. Shekara tara yana jiran ta. Na ga ƙirjinsa ya ƙara kumbura a kan kumburin rigar.

"Ɗana, me ke sa shi wannan laushi?" Liman ya tambaya.

"Allah gafarta Malam, wani ruwa ne na musamman ake kwarara masa bayan an gasa. A gabana ake yi. Kai, waɗannan ma da hannuna na zuba musu. Ni da kapiten kullum safe sai mun sha kofi ɗai-ɗai na ruwan nan kafin mu karya."

Daidai nan Mushe Kombate ya iso, Mushe irin na Faransanci, wato Malam. Maƙwabcin Alhaji ne, ɗan ƙabilar Moba, Kirista, tsohon malamin asibiti da ya yi shekaru yana aiki a Bawku ta Gana, ya zo yin ta'aziyya. Aka miƙa masa nasa. Ya gatsa, idonsa ya buɗe. Ya ɗauki murfin gwangwani ya sa tabarau ya karanta, ya dubi sahun malamai ɗaya bayan ɗaya.

"Alaji Salifu, ni ban sani ba ku kun fara. Da na sani, Kirsimeti ya wuce ni na kawo muku."

"Mun fara me?"

"Wannan gato, giya ne ciki. Rom, na rake. Ga shi sun rubuta babba-babba da Ingilishi. Burukutu kusa da shi koko ne."

Kowa ya dubi abin da ke hannunsa.

Ladan, wanda lafiyarsa ƙalau tun ɗazu, ya rungume ƙafar rumfa ya ce ƙasa na juyawa. Wani tsoho mara haƙori, wanda bai ma ci ba, sunsunawa kawai ya yi ya ba jikansa, ya kwanta rigingine ya kama waƙar samartakarsa. Aka yi rububin randa ana kurkure baki, wasu na zura yatsa a maƙogwaro a bakin kwata. Sai wani mahauci mai suna Alassani ya miƙe yana tangaɗi ya ce tunda yanzu ba a cikin hayyacinsa yake ba, kuma ga shi zamanin demokraɗiyya, yana so sarkin fawa ya sani shekara ashirin ƙashi da huhu kawai yake raba wa na ƙasa da shi. Wani ya ce shi ma ya bugu, kuma ya san wanda ya cinye akuyarsa bara. Wani ya ce huɗubar Juma'a ta cika tsawo. Cikin minti goma zangon Dapaong ya yi nasa babban taron ƙasa. Mushe Kombate na ta faɗin cewa ɗan yankin da kowa ya ci ko kaza ba zai bugar ba, amma ba mai son ji, sai ya haƙura ya shiga tattara ragowar yana ƙullewa a hankici.

Liman ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wanda ya ci bai sani ba, ba shi da laifi. Kuma ba wanda ya bugu a nan, kowa ya tashi ya zauna daidai."

Ladan ya saki ƙafar rumfa, da alama bai so ba. Alassani ya nemi bayan mutane ya ɓuya.

"Saura wanda ya kawo," in ji Liman.

"Ai ya faɗa da bakinsa," Alhaji Salifu ya ce, yana goge wuƙarsa a hankali. "Da hannunsa ya zuba. Kofi guda kullum safe. Mashayi ya ciyar da malamai giya a ƙofar gidana, a sadakar da na yi masa da naman bijimina. Liman, ga shaidu sun ishe mu. Yau zai sakar mini 'ya."

Illiyasu na kan benci har yanzu, zufa na bin farar kwat. Hanya biyu ce gabansa kuma kowa ya gan su. In ya tsaya kan labarinsa, ya rasa mata. In yana son mata, sai ya rushe labarin da bakinsa a gaban mutum ɗari biyu, abin da bai taɓa yi ba tun da aka yanke masa cibiya.

"Baba," ya ce, "wato kofin ƙarami ne sosai."

Na harbi ƙafar bencin.

"Wato ba ni ke sha ba. Kapiten ke sha, ni ina riƙe masa..."

"Baba, a bar ni in tambaye shi."

Sakinatu ce. Ta tako har bakin rumfa, aka dare mata.

"Malam, sauko ƙasa." Ya sauko. "Yaya aka yi ka shiga jirgin nan? Dube ni ka faɗa."

Ya dube ta. Na ga bakinsa ya kama hanyar kapiten, ya tsaya, ya dawo.

"Na hau sayar da jaka da aka fara harbi. Sai na ga wani ɗan ɗaki, in ka danna maɓalli ya hau da kai sama, in ka sake dannawa ya sauko. Na tsaya ina dannawa. Da na fito, Lome ta koma ƙarama."

"Sai kapiten ya kira ka cin abinci?"

"Sun ce za su miƙa ni ga 'yan sanda. Kuku, wani mutumin Senegal, ya roƙa, aka sa ni a kicin."

"Kana yin me?"

Ya yi magana ba wanda ya ji.

"Ban ji ba."

"Feren dankali. Amma ni buhu uku nake ferewa kafin sauran su..."

"Malam."

"Feren dankali."

"Kapiten fa?"

"Sau ɗaya na gan shi. Ta baya."

"Kwat ɗin?"

"Ta masu wanke kwano ce."

"Wannan mai kumburin?"

"Ta jirgi ce. Sun manta ba su karɓa ba."

"Gato ɗin nan, ka taɓa sa shi a baki?"

"Wallahi ban taɓa ba. Na ga Turawa na layi na shiga. Kuku ya gan ni da kwali ya kama hannuna zai yi magana, na ce masa ya bari, na san shi, a gidanmu da shi muke karyawa."

Dariyar da aka yi, ina jin har kasuwar Dapaong an ji ta. Tsohon da ke waƙa ya tashi zaune don ya yi tasa da kyau. Liman ya goge ido da gefen rawani.

"To, Alhaji, ba mashayi ba ne. Wawa ne kawai. Ni kuwa ban taɓa karanta inda wauta ta raba aure ba, da rabin mutanen nan gwauraye ne."

Alhaji Salifu ya soke wuƙarsa a tebur don takaici. Illiyasu ya fara murmushi, ya ɗauka an gama. Amma Sakinatu ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya.

"Jirgin ya tsaya a wani gari?"

"Dakar. Da wani tsibiri. Da Kwatano, inda suka sauke ni."

"Duk ba mai zuwa gida? Ba direba, ba ɗan kasuwa?"

"Na sayi kati mai hoton jirgi," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "To me zan rubuta? In ce miki ina feren dankali? Na ga gara ki ji shiru."

"Yaushe ka iso Sokode?"

"Jiya."

"Jiya," ta ce. Ta juyo ta dube ni, na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Malam, da na ji kana feren dankali, da na yi barci."

Ba wanda ya yi dariya yanzu. Illiyasu ya tsaya hannuwa a sake, hawaye na sauka kan rigar lemo, kuma na rantse wannan karon ba shiri ba ne.

Ta juya wajen mahaifinta.

"Baba, ba zai sake ni ba, ni ma ban nema ba. Amma ba zan bi shi yau ba. Kwana arba'in na yi ban ji ɗuriyarsa ba. Ya koma Sokode ya yi arba'in bai ji tawa ba. Ba saƙo, ba ɗan aike. In sun cika ya zo shi kaɗai, ba kwali ba taro, ya tarar da abin da ya tarar."

Illiyasu ya share fuska da hannun kwat. Ya ja numfashi, ya ɗaga kai, na ga ƙirjin ya fara tasowa.

"Ai kwana arba'in, a wurinmu mutanen teku..."

"Hamsin," in ji Sakinatu.

Ya sake buɗe baki. Na yi tsalle na toshe shi da hannuna mai baƙin mai, na ja shi ta tsakiyar malamai da mahauta, leɓensa na ta motsi a tafina. Ban cire hannun ba sai da na tura shi cikin mota na rufe ƙofa na ɗaga gilashi, don na san in na bari ya ƙarasa maganar nan sai ya shekara bai ga matarsa ba.